Ido lahiya lau amma yarinya ba ta gani: iska ce ko ƙarya?

Tanti: Salamu alaikum ƴan gida. Yanzu munka dawo daga wajen likitan ido nan Maradi da ɗiyar Yaya. Kwana 5 kenan dishi-dishi take gani, ko allon lakwal ba ta iya karantawa. An ɗiga mata magani an haska ciki, an auna hawan jinin ido, likita ya ce babu yana babu komi.

Kawu: To ai magana ta ƙare. Abin da na'ura ta kasa gani iska ce, a kai ta a yi mata ruƙiyya tun da wuri.

Auta: Kawu Allah shi ba ka haƙuri, ni dai na ce jarabawar BEPC take tsoro 😂 jiya da idona na ga ta kauce ma turmi tsakar gida, makaho na kauce ma turmi?

Majo: Auta kar ki kuskura ki faɗi haka gabanta. Kauce ma turmin nan alama ce mai kyau, hanyar gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa na aiki kenan. Likitoci ma haka suke gwadawa, a karkata babban madubi gaban mutum, in ido na gani sai ya bi hoton da kanshi ba da niyyar mai shi ba, ko a haska tocila a ga ɗan baƙin ido ya tsuke. Amma wannan bai sa ta zama maƙaryaciya ba, damuwa na toshe gani kamar yadda take ɗauke ma wani magana, kuma an fi ganin haka ga yara da ƴan mata masu tasowa, ko jarabawa ko rigimar gida ko wani abu da ta kasa faɗi.

Kawu: Ƙwaƙwalwa kuma? Hauka kake nufi?

Majo: Subhanallahi, a'a Kawu. Addu'a a yi ta, amma don Allah ban da hayaƙi da ɗiga tsime-tsime cikin ido, nan ne za a jawo ciwon gaske. Kuma a koma randebu, akwai kumburin jijiyar gani can bayan ido da ba a cika ganinshi da farko ba, in abu ya ƙi sai hoton IRM, wanda ke nuna cikin kai, ko da Yamai ne.

Tanti: Likita ya ce mu koma bayan sati 2, a riƙa gaya mata idonta lahiya, gani zai dawo sannu sannu. Ni abin da ke damuna, tun ran da ubanta ya yi zancen aure bayan jarabawa ko tuwo sai ta jagula ta tashi.

Auta: Kai. Wallahi ban san da wannan ba.

Kawu: Ni dai ban yarda babu iska ciki ba. Amma zan kira uban nata bayan isha'i.