Shawarwari kan giɓin albashi tsakanin mata da maza a Kano

Mahalarta wata tattaunawa da aka yi kan giɓin albashi tsakanin mata da maza a Kano, waɗanda yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Bompai, sun amince cewa a aikin gwamnati matakin albashi ɗaya ne ga kowa, kuma giɓin ya fi fitowa a makarantu masu zaman kansu, shaguna da aikatau, inda ake yanka wa mace abin da aka ga dama bisa hujjar cewa mijinta ne ke ciyar da gida. Wannan hujja ba ta tsaya ba, domin zawarawa da matan da ke riƙe da marayu a unguwannin cikin gari su ne abin ya fi cutarwa.

Shawarar da aka fi jaddadawa ita ce mace ta nemi takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashi a rubuce, ta kuma binciki abin da ake biyan takwarorinta maza kafin ta amince. An tunatar da cewa sashe na 17 na kundin tsarin mulki ya tanadi biya ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da bambancin jinsi ba, amma dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ba ta shafi wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, alhali can ne mata suka fi yawa. Saboda haka aka ba da shawarar shiga ƙungiyar ƙwadago, da neman ƙarin takardar shaidar karatu bayan hutun haihuwa don kada ƙarin girma ya wuce su.