Finafinan leƙen asirin da suka bi sawun James Bond

Tambaya daga Jidda:
Assalamu alaikum. Na tarar da wani tsohon kaset ɗin bidiyo a akwatin marigayi mahaifina, bangonsa ya koɗe, yana ɗauke da hoton mutum cikin baƙar kwat riƙe da ƙaramar bindiga, amma an rubuta 077 maimakon 007, lambar James Bond. Shin kuskuren bugawa ne, ko kuwa fim ne dabam?

Amsa daga Makka:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ba kuskure ba ne, ɗan'uwa. Da finafinan Bond, Dr. No na 1962 da Goldfinger na 1964, suka samu kasuwa, sai kamfanonin Italiya da Faransa da Sifaniya suka yi rububin shirya makamantansu da kuɗi kaɗan, kuma Ken Clark, ɗan Amurka, shi ne ya fito a matsayin 077 a 1965. Abin ya kai ga a 1967 Italiyawa suka ɗauko Neil Connery, ƙanen Sean Connery mai fitowa a matsayin Bond, suka ɗora shi a kan fim saboda sunan gidansu, duk da cewa fim ba sana'arsa ba ce.

Amsa daga Madina:
Malam, ya kamata a yi wa Faransawa adalci, domin marubucinsu Jean Bruce ya ƙirƙiri ɗan leƙen asiri mai suna OSS 117 a 1949, shekara huɗu kafin Ian Fleming ya fitar da littafin Bond na farko. Finafinan OSS 117 na bayan 1962 ne suka ari salon Bond.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zan nemi wanda zai juye mini shi zuwa kwamfuta, kafin danshin Jidda ya cinye zaren kaset ɗin.