Tsohon da ke zaune shi kaɗai a daji: yadda ayarinku ya yi da shi

Mai jan labari, daga wani ƙauye a ƙasar Sumaila

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin da ya faru a zaurenmu daren Alhamis ɗin da ta wuce ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake roƙon duk wanda ya taɓa shiga irinsa ya ba mu labarinsa. Mu shida ne muke haɗuwa bayan sallar isha'i tun da aka gama girbin gero. Ni nake jan labari, sauran biyar kuma kowa da jarumin da yake magana da yawunsa: maharbi, mai takobi, mai haɗa magani, ɓarawon da ya tuba, da makiyayi, wanda ƙanina ne yake riƙe da shi. Tsarin Dungeons & Dragons muke bi, wasan jan labari da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, amma ƙa'idojin bugu na biyar na 2014 muke karantawa a waya. Duniyar labarin kuwa tamu ce, domin siffar dajin daga Falgore na ɗauko ta, wanda dukkanmu mun san bakinsa.

Ayarin ya kwana uku a dajin yana neman rijiyar wani tsohon birni da ƙasa ta haɗiye, guzuri ya ƙare, mai takobi kuma yana ɗingishi da raunin da kura ta yi masa. A nan na haɗa su da wani tsoho da ke zaune shi kaɗai a gindin tsamiya, da bukkarsa, da randa a inuwa, da buzu a shimfiɗe. Na sassauta murya na ce da bakinsa: "Maraba da baƙi, ku sauke kayanku ku sha ruwa." Babu wanda ya karɓi moɗar. Maharbi ya nemi a jefa ƙwaya mai fuska ashirin, irin ɗan ludo da ake gwada sa'ar jarumi da shi, don ya karanci fuskar tsohon, 17 ta fito, wato lamba babba mai nuna nasara, na gaya masa ƙarara cewa bai ga alamar yaudara ba. Duk da haka suka ɗaure shi a jikin tsamiyar da igiyar kalgo, suka birkice bukkar, ba su samu komai ba sai ƙwaryar zuma da wata tsohuwar wuƙa, suka tafi ko hanya ba su tambaye shi ba. Mako biyu na yi ina shirya wannan tsoho, kuma da nufin alheri na kawo shi. Ku yaya naku ayarin ya yi da irin wannan mutumi?

Malamin firamare, daga ƙasar Ringim

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ruwa ba ya tsami banza, don haka zan fara da tambaya: ka taɓa yaudararsu da wani mai fara'a kafin wannan dare? Na tambaya ne domin ni da hannuna na jawo wa ayarina irin wannan ciwo. A farkon wasanmu na kawo wata tsohuwa mai sayar da fura, mai daɗin baki, wadda daga baya ta zama mayya, kuma a daren na ji daɗin yadda suka firgita. Sai dai wata huɗu cur bayan nan, duk wanda ya yi musu sallama a labarin sai sun dafa takobi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Da na so kawo nawa tsohon dajin, sai na hana su ganin fuskarsa har zama uku. A zama na farko suka tarar da tulu cike da ruwa a mararraba, an rufe bakinsa da faifai, babu kowa a wurin, ƙishirwa ta sa suka sha, ba abin da ya same su. A na biyu suka lura an janye ƙaya daga turba, an kuma sassaƙa alama a jikin marke duk inda hanya ta rabu. A na uku suka ga sawun mutum ɗaya mai dogara sanda yana bin turbar nan da sassafe. Ranar da suka isa bukkarsa, su ne suka fara yi masa godiya, domin sun riga sun sha ruwansa tun ba su san shi ba. Ban nemi a jefa ƙwaya ko sau ɗaya ba a daren.

Mai jan labari, Sumaila

Malam, ka taɓo inda yake ciwo. A watan jiya na kawo wani falke da ya raba musu dabino mai guba, har mai haɗa magani ya kusa rasa jaruminsa. Ban haɗa wancan da wannan ba sai yanzu da ka faɗa.

Matar aure, daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure

Ni a tsakar gida muke namu, da 'ya'yana mata biyu da ƙannen maigidana uku, idan an gama wanke-wanken dare. Surukata ba ta son ganin ana jefa ɗan ludo a gidanta, domin a wurinta ya yi kama da caca, kuma na girmama ra'ayinta. Na yanka takardu na rubuta 1 zuwa 20, muka zuba a ƙwarya, wanda zai gwada sa'arsa ya rufe ido ya ɗauka ya mayar. Lissafin bai canza ba, hankalinta kuma ya kwanta, har takan jawo tabarma kusa ta saurara.

Abin da na gani shi ne yaranmu ba baƙi ba ne ga wannan haɗuwa. Sun taso da tatsuniyar tsohuwar bakin rafi da take cewa a cuɗa mata baya, inda yarinya mai ladabi ta koma gida da arziki, 'yar kishiya mai raini kuma ta gamu da abin da ta gamu da shi. Saboda haka da na ce ga wani tsoho can zaune shi kaɗai, babbar 'yata ta ce jarumarta ta cire takalmi ta durƙusa, ta ce: "Baba, mun same ka lafiya? Ya daji, ya sanyi?" Sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, gaisuwa kaɗai ta ci mana kusan minti goma, kuma ban gajarta ta ba domin a cikinta tsohon ya zama mutum.

Daga kakana na wajen uwa na ɗauko shi, Allah ya ji ƙansa, wanda ya yi shekaru yana ɗora amya a kan bishiyoyi. Shi ya sa tsohon nawa yake da tasa bukatar. Gwiwoyinsa sun daina hawa, amyarsa uku sun cika a kan ɗorawa, ya roƙi baƙin su sauke masa. Na kwatanta musu yadda nake gani ina ƙarama: sai dare ya yi, a ɗaure damin ciyawa a kunna, a bar hayaƙi ya shiga bakin amyar har ƙudan su lafa, a zuro saƙar a ƙwarya da igiya, kuma a bar musu wani abu don kada su ƙaura. Ƙaramin cikin ƙannen maigidana ya ɗauko 4, ƙuda suka harbi jaruminsa a fuska, tsohon ya zaunar da shi yana cire masa ƙarin ɗaya-ɗaya yana ba shi haƙuri. Bayan sun ci zuma ne ya ba su abin da suka zo nema, kuma bai ba su a fili ba. Ya ce kowa ya san gawo yakan zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa, to su nemi gawon da ke da ganye shar a tsakiyar damina, a gindinsa ƙofar take. Surukata ce ta fara cewa "lallai wannan gawo ba na lafiya ba ne", tun kafin yaran su gane.

Ɗan wasa, daga ƙasar Birnin Kudu

Yaya, naku ya yi kyau, nawa kuwa har yau ina jin nauyinsa. Ni ba mai jan labari ba ne, ɓarawo nake riƙe da shi a ayarinmu. Abokinmu da ke jan labarin ya zaunar da tsohonsa a bakin wani kogo mai zanen shanu a bango, irin zanen da ke Dutsen Habude a nan ƙasarmu. Tsohon ya ba mu tuwo da miyar kuka, ya wanke raunin ɗayanmu, ya bar mana shimfiɗarsa ya kwanta a waje. Cikin dare na ce jarumina zai laluba ƙarƙashin buzun, na jefa 19, na fito da wata 'yar jaka ta fata ba tare da kowa ya motsa ba. Na ɗauka zinariya ce. Da muka yi nisa na buɗe, sai ga munduwa ƙarama, irin wadda ake sa wa yarinyar da ba ta wuce shekara uku ba.

Na zaci abokinmu zai aiko mana da tsinuwa ko wani dodo, amma bai aiko da komai ba. Abin da kawai ya tuna mana shi ne da safen nan tsohon ya ɗaura mana ƙuli-ƙuli a tsumma, ya raka mu har bakin turba. Zama biyu na yi ban iya sakin jiki a wasan ba, a na uku na roƙi ayarin mu koma, tafiyar kwana huɗu a labarin, suka yarda ba don suna so ba. Da na miƙa jakar, tsohon ya ce: "Ta ɗiyata ce. Mayar da ita inda ka ɗauka, ka zo ka ci abinci." Zauren ya yi tsit, har wanda ya fi kowa surutu a cikinmu bai ce uffan ba. Ba mu taɓa tambayar abin da ya sami yarinyar ba.

Tsohon ɗalibi, daga ƙasar Kiri Kasamma

Ina da ɗan saɓani da ku, 'yan'uwa, kuma ku yi mini uzuri. Ɗaure tsohon nan kuskure ne, amma zargin kansa ba laifi ba ne. Waɗannan matasa a zamanin da ake jin labarin ɓarayin shanu da masu satar mutane suke rayuwa, iyayensu kullum suna gargaɗinsu game da daji, ba za su ajiye wannan a ƙofar zaure ba don kawai an ce wasa ne. Sannan fito da 17 ba ya wajabta wa ɗan wasa ya yarda. Ƙwaya tana faɗin abin da jarumi ya gani ne, hukuncin kuwa yana hannun mai riƙe da shi.

Abu na biyu shi ne irin tsohon da za a kawo. A littafin 'yan wasa na bugu na biyar akwai asalin mai kaɗaita kansa cikin tarihin rayuwar da ake zaɓa wa jarumi, an ba shi sanin magani da sanin addini da kayan haɗa ganyayyaki, da wani sirri da ya gano a zaman kaɗaicinsa. Da na fara ɗauko wannan kai tsaye, gardama ta tashi a ayarinmu, wani ya ce malami ne mai halwa don haka bai dace a sa shi a wasa ba, wani ya ce boka ne ba zai ci abincinsa ba. Na ga abin zai taɓa aƙida, sai na mayar da shi tsohon masunci da ya rage shi kaɗai a wani tsibiri cikin fadama irin ta Baturiya, bayan mutanensa sun tashi. Daga nan kowa ya sake.

Kuma ban bar shi ya san komai ba, domin tsohon da ke da amsar kowace tambaya yakan kashe wasa. Nawa ya ba su kwalekwale, ya kwatanta musu mashigar ruwa da zuciya ɗaya, amma shekara ashirin rabonsa da bin ta. Da suka isa, kacalla ta toshe ta gaba ɗaya, kamar yadda ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a fadamun Hadejiya da Nguru har masunta da manoma suke kuka da ita. Da farko suka ce ya yaudare su. Wani ɗan masunta a cikinmu ne ya ce a'a, duk wanda ya san kacalla ya san tana iya rufe mashiga cikin 'yan shekaru. Suka koma suka gaya wa tsohon, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce ta nan ya ɗauko amaryarsa.

Mai jan labari, Sumaila

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya Alhamis muka sake zama. Na bar su suka yi ta zagaye a dajin har suka sake faɗowa gindin tsamiyar nan. Sun tarar da tsohon ba a ɗaure yake ba, domin ƙanina ya tuna mana cewa tun a wancan dare ya faɗa a hankali cewa makiyayinsa ya sassauta ƙullin kafin su tafi, hayaniya ce ta hana mu ji. Na bi shawarar ɗan'uwanmu na Birnin Kudu, ban hukunta su ba, na dai ce akwai shatar igiya a wuyan hannunsa lokacin da ya miƙo moɗa. Maharbi ya karɓa ya sha, ya durƙusa ya ce: "Baba, mun zalunce ka, ka yafe mana." Tsohon ya ce ya yafe, amma bai ce su shiga bukka ba, a waje suka kwana. Da safe su da kansu suka gyara dangar da suka karya, suka cika randar, shi kuma ya raka su rabin hanya ya tsaya a inda ƙafarsa ta gaza.

Sun ce za su biyo ta wurinsa idan sun dawo daga rijiyar, kuma ina so a lokacin ya roƙe su su sauke masa zuma. Yaya ta Kazaure, don Allah ki ƙara mini bayani: wace irin ciyawa marigayi yake ɗaurawa don hayaƙin, kuma a wane wata ya fi sauke amya?