Zan yi SIWES a laburaren jiha, wane aiki ke jirana?

Ɗalibar Aji Uku: Assalamu alaikum. Ina karanta ilimin laburare, an ba ni takardar SIWES, wato horon da ɗalibai ke yi a wurin aiki, zuwa laburaren jiha. Don Allah me ake sa ɗalibi ya yi, kuma me zan bita kafin in je?

Mai Kundi: Wa alaikumus salam. Ki koma kan Dewey, wato tsarin rarraba littattafai da lambobi bisa fanni, tun yanzu. Yawancin jami'o'inmu tsarin Library of Congress suke bi, laburaren jiha kuwa galibi Dewey ne. Aikinki na farko jera littattafai a kanta da bin su kowace safiya kafin masu karatu su shigo. Nan ɗalibai ke tuntuɓe: lambar da ke bayan ɗigo ba a ƙirga ta kamar kuɗi, ɗaya bayan ɗaya ake gwadawa. 297.122, wato Alƙur'ani, yana zuwa kafin 297.2, domin 1 ta riga 2. Littafin da aka soke a inda ba mazauninsa ba ya ɓace ke nan, ko da yana cikin ginin. Ki kuma riƙe cewa nahawun Hausa 493.72 ne, adabinta 893.72. Kada ki kai su 496 da 896 don kawai yawancin harsunan Afirka na can. Hausa daga dangin harsunan Cadi take, shi ya sa mazauninta ya bambanta.

Hajiya Kataloji: Ƙanwata, in an kai ki sashen sarrafa sababbin littattafai, rajistar shigowa ita ce gidan rikici. Kowane kwafi da lambarsa: kwafi biyar, lamba biyar, duk da lambar kantarsu ɗaya ce. In kika ba su lamba guda, ranar ƙidaya ba wanda zai san wanne aka sace. Hatimi a shafin take da shafin sirrin da gidan ya zaɓa, ki tambaya wanne ne. Inda ake aiki da katin da ake rubuta bayanin littafi a kai, girmansa santimita 7.5 da 12.5. Inda ake da Koha kuwa, wato manhajar kwamfuta ta laburare, ki tsaya kan hanya ɗaya ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Wani ya buga "kasa", wani "k'asa", wani "ƙasa", sai mai nema ya ga wasu ya rasa wasu. Alhaji da Malam laƙabi ne, ba a jera marubuci da su.

Baban Ɗalibai: Littafin rahotonki ki cika shi kullum, mai kula da ke ya sa hannu duk mako, sannan kada ki bar Fom 8, takardar rahoton kammala horo ta ITF, hukumar da ke kula da SIWES, sai ranar ƙarshe. "Na jera littattafai" ba rahoto ba ne. Ki rubuta nawa, a wane aji. Tun makon farko ki roƙi a zagaya da ke sassa, in ba haka ba teburin ƙofa za ki ƙare. Ki tafi da takunkumi saboda ƙura. In kika ga zanen jar ƙasa a bayan kanta, gara ce, ki kai rahoto nan take.