Bututun ƙarfe da aka ɗura wa kankare: yaya yake lanƙwasa idan an yi bim da shi?

Mai duba gini, Riyadh: Assalamu alaikum. Mun saba ganin bututun ƙarfe mai cike da kankare a tsaye a matsayin ginshiƙi, amma yanzu an kawo mana zane da ke son a kwantar da shi ya zama bim, wato ginshiƙin kwance mai ɗaukar nauyi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa wannan aiki su faɗi abin da idonsu ya gani.

Ɗalibin injiniya, Dhahran: Wa alaikumus salam, Yallabai. A ɗakin gwaji mun danne bututu biyu, ɗaya fanko ɗaya cike. Fankon ya lotse daga sama, ƙarfinsa ya zube nan take. Cikakken kuwa ya ci gaba da lanƙwasa a hankali yana riƙe da nauyi, domin kankaren ya hana bangon ƙarfen lotsawa ciki, sai dai ya ɗan kumburo waje. Da muka yanke ƙarfen, mun tarar kankaren ƙasa ya tsattsage, na sama kuma yana nan da ƙarfinsa, domin ƙasa ja take sha, sama kuma matsi.

Tsohon injiniya, Jidda: Ɗana, bayaninka daidai ne, amma na tabbata a tsaye kuka ɗura naku. A wurin aiki, idan aka ɗura bututu yana kwance, iska da ruwan da ke tasowa daga kankare suna taruwa a sama su bar rata, kuma a tsakiyar bim nan ne daidai inda ake buƙatar kankaren ya ɗauki matsi. Na taɓa bin wani bim ina ƙwanƙwasa shi da guduma, gefensa yana amsawa da nauyi, samansa kuma yana ƙara kamar gwangwani. Dole aka huda aka cusa ruwan siminti. Tun daga nan ba na yarda sai an jingina bututun, an tura kankare mai malala da kansa daga ƙasa da famfo, an bar ƙofar fitar iska a sama. Kaurin bango ma ba abin wasa ba ne: ƙa'idar zanen gini ta Turai, Eurocode 4, ta ce a bututu mai zagaye na ƙarfen gini nau'in S355, kada faɗinsa ya wuce kaurin bangonsa kusan sau 60.

Mai walda, Makka: Baba, ni abin da nake tunatarwa shi ne hujin fitar tururi na milimita 20, domin idan gobara ta tashi, ruwan cikin kankare yana iya fasa bututun da aka rufe ruf.

Mai duba gini, Riyadh: Na gode ƙwarai. Za mu ɗura da dare saboda zafi, da ƙanƙara a ruwan kwaɓi, kuma zan nemi a yi gwajin sauti a saman kowane bim kafin a ɗora masa dakin, wato rufin kankare.