Ƙanena zai sayo mini kayan aiki a garaɓasar Black Friday ta Amurka, me zan ce ya ɗauko?

Kafinta, Na'ibawa, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema. Ni kafinta ne, aikina gadaje da wadirof da kabad ɗin kicin, a 'Yan Katako nake sayen katako. Ƙanena yana zaune a New York, zai zo gida ƙarshen Disamba, ya ce ya ware mini dala 600 in zaɓi kayan aiki, tunda a watan Nuwamba ne manyan shagunan can irin su Home Depot da Lowe's ke karya farashi. Ya turo mini hoton wani saiti: injin huda, injin ɗaure sukuru, zarto mai faifai, giranda, wani ƙaramin zarto da fitila, duk masu batir, haɗe da batir biyu da caja a jaka ɗaya. An rubuta dala 599, an soke, an mayar 399. Da ragowar kuɗin kuma ina so ya ƙaro mini rawuta mai igiya, wato injin fitar da ado a katako, don har yanzu adon bakin allo sai na kai wani shago an fitar mini ina biya. Shi ba sana'arsa ba ce, abin da na ce shi zai saya. In ce ya biya, ko da abin da ban gani ba?

Mai gyaran injina, Panteka, Kaduna:
Wa'alaikumus salam Malam. Dakata tukuna, kada ya biya yau. Wutar gidajen Amurka 120V ce, tamu 230V. Duk injin da ke da igiya, da ita kanta cajar da ke cikin jakar nan, don wutarsu aka ƙera su. Irinsu da yawa sun zo kan teburina: mutum ya yanke kan fulogin Amurka ya ɗaura namu mai ƙafa uku, ya soka a bango, sai ƙara da hayaƙi. In na buɗe cajar sai in tarar kafasita ya fashe, allon ya yi baƙi, warin ƙuna ya cika shago. Ka ce ƙanenka ya juya cajar ya ɗauko maka hoton rubutun da ke gindinta. In ka ga 120V kaɗai, ba ta shan wutarmu. Sai wadda aka rubuta 100–240V, kuma cajojin manyan kamfanonin da ake sayarwa a can mafi yawansu ba haka suke ba.

Ita rawuta mai igiya za ta yi aiki da taransifoma mai rage wuta, amma yi lissafi. Babbar rawuta ko zarto mai faifai na can suna jan amfiya 15, a kan 120V wat 1,800 ke nan, kuma lokacin tashi suna fizgar fiye da haka. Sai ka nemi taransifoma mai wat 3,000, ga nauyi ga kuɗi, kullum kuma kana cikin fargabar ranar da yaron shago zai manta ya soka kai tsaye. Ban da wannan, wutarsu 60Hz ce, tamu 50Hz. Injina masu burushin kabon irin giranda da rawuta ba su cika damuwa da wannan ba, amma kwamfaresa da injin wasa kaifi na kan tebur gudunsu kan ragu da kashi ɗaya cikin shida, su riƙa zafi. A ganina mai igiya ka saye shi a nan gida, ƙanenka ya tsaya kan masu batir.

Direban tasi, Bronx, New York:
Yaya, bari in faɗa maka yadda abin yake a nan. Black Friday ita ce Juma'ar da ke bin bikin Thanksgiving, wanda ake yi Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Amma rangwamen kayan aiki tun farkon watan yake farawa, ya zarce har wajen Kirsimeti, a watan Yuni ma lokacin ranar iyaye maza ana yin wani. Don haka babu gaggawa, ba kwana ɗaya ba ne.

Na farko, kuɗin da ke jikin kaya ba shi ne za a biya ba. A birnin New York ana ɗora harajin saye kashi 8.875 cikin ɗari, 399 ɗin nan za ta koma wajen 434. In yana da hanya New Jersey nasu 6.625 ne, Delaware kuwa babu ko sisi.

Na biyu, ka sa ya karanta maka lambar da ke jikin batiran. Irin wannan babban saiti yawanci ƙananan batira ake sa masa, 1.5Ah ko 2Ah (Ah shi ne awon yawan cajin da batir ke riƙewa), injinan kuma sau da yawa tsofaffin samfuri ne masu burushi. Batir 1.5Ah a jikin zarto, kafin ka gama yanka allon MDF guda ya fara numfashi sama-sama. Fitilar ma da jakar ana ƙirga su ne don adadin ya yi yawa a ido. Garaɓasar gaske a nan ita ce wadda ake cewa ka sayi batir biyu manya da caja, a ba ka inji ɗaya kyauta ka zaɓa da kanka. Ita masu aikin gini ke jira duk shekara. Sannan sauran injinan ka saye su tsirara, ba batir ba caja, sun fi araha nesa ba kusa ba.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari, Kano:
Ni kam Malam shawarata ya turo maka kuɗin kawai. Ka shigo Sabon Gari ka sayi Ingco ko Total, wutarmu suke sha, batirinsu da cajarsu da burushinsu duk ga su a kasuwa. Ranar da injin Amurka ya lalace wa za ka kai wa takardar garanti? Ba ta tsallako teku. A watan Nuwamba ma Jumia na yin tata Black Friday, ka leƙa ka kwatanta.

Mai gyaran injina, Panteka, Kaduna:
Alhaji maganarka ta garanti gaskiya ce, kuma a rawuta da giranda ni ma abin da na ce ke nan. Amma injin huda da injin ɗaure sukuru, waɗanda kafinta ke riƙe da su daga safe har magariba, akwai bambanci tsakanin na manyan kamfanoni mara burushi da na tsaka-tsaki, a ƙarfi da daɗewar caji. Kuma batir na asali shi ne abin da ya fi wuyar samu a nan. Jabu sun cika gari. Na sha buɗe wanda aka rubuta 5Ah in tarar da ƙwayoyi biyar a ciki maimakon goma, sauran wurin fanko. Tunda Allah ya ba shi ɗan'uwa da zai shiga shagon asali ya sayo, ai batir ne ya kamata kuɗin ya fi tafiya a kai.

Abin da za a kula shi ne batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Duk wanda ka fara da shi, kamar aure ne, da danginsa za ka zauna. Don haka ka zaɓi wanda za ka samu cajarsa mai 230V a Najeriya. Makita 18V LXT batirinsa iri ɗaya ne a ko'ina, caja kawai za ka canja. DeWalt kuma abin da suke kira 20V Max a Amurka shi ne 18V XR a Turai, batiri ɗaya ne, sun rubuta 20 ne don haka yake nunawa in ya cika fal. Cajar Ingila za ta caja shi lafiya lau. Ryobi yana da araha a can, Milwaukee kuma yana da ƙarfi, amma ka fara zagaya kasuwa ka tabbatar da cajarsu kafin ka ce a saya.

Mai aikin gini, Birmingham, Ingila:
Na goyi bayan Oga na Panteka. In akwai mai zuwa daga nan zai iya taho maka da caja, wutarmu 230V ce, fuloginmu ma irin na gida ne mai ƙafa uku. Mu tamu garaɓasar har da Boxing Day, 26 ga Disamba. Sai dai a kula, a wuraren gini a Ingila ana amfani da injina masu 110V, fuloginsu rawaya ne zagayayye. In ka ga ana sayar da na hannu da araha mai kan rawaya, wannan ma sai da taransifoma.

Kafinta, Na'ibawa, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƙanen nawa ya duba, cajar 120V ce, batiran kuma 1.5Ah ne, kamar kuna wurin. Na ce ya bar saitin. To kayan hannu fa? Ya ce akwai akwatin soket da sifana mai guda 200 da wani abu, shi ma an rage. Sannan rawuta, in akwai mai batir, in ce ya ɗauko?

Bakanike, Ƙofar Ruwa, Kano:
Malam kada adadi ya ruɗe ka. Guda 200 ɗin nan, fiye da rabinsu ƙananan kawunan sukudireba ne da makullan alinki. Soket ɗin kuma an raba su biyu, rabi inci rabi milimita. Mu motocinmu Toyota da Honda da Peugeot, da babura da janareta, milimita ne: 8, 10, 12, 13, 14, 17, 19. Na incin sai dai su yi ta kwana a akwati, ga shi ƙarfe ne, zai cinye wa ƙanenka kilo a banza. Kai da kake kafinta ma me za ka yi da su? In ana son kayan hannu, ya sayo maka abin da na kirki ke wuya a nan: saitin cizal mai riƙe kaifi, sikwaya ta gaskiya wadda ba ta karkace ba, kawunan sukuru masu jure bugun inji. Tef ɗin awo kuwa ya duba da kyau, na can da yawa inci ne zalla, babu santimita. In da inci kake aiki shi ke nan, amma kayan kicin da hinjis ɗinsu da milimita suke zuwa.

Kafinta, Maraɗi, Nijar:
Ɗan'uwa, kan rawuta nake so in tsaya, don nan ne hatsari yake, ba asarar kuɗi kaɗai ba. Bakin da ke riƙe wuƙar rawuta a Amurka inci ne, kwata ko rabi, wato milimita 6.35 da 12.7. Wuƙaƙen da ke kasuwanninmu kuwa gauraye suke, akwai masu ƙafa 6, da 8, da 12, akwai na inci. In ka sa mai 6 a bakin kwata za ta shiga, ka ɗaure noti ka ga kamar ta kama, alhali akwai 'yar rata da ido ba ya gani. Injin nan yana juyawa fiye da sau 20,000 a minti. Tana cikin aiki sai ta fara zamewa tana fitowa, layin da kake ja ya riƙa ƙara zurfi, in ba a yi sa'a ba ta fice. Don Allah in zai sayo rawuta ya haɗo da saitin wuƙaƙenta daga can, kuma ka ware musu akwati daban.

Ƙaramar rawuta mai batir tana da daɗi wurin gyara bakin fomaika da zagaye gefen allo, hannu ɗaya take so. Amma babban ado a ƙofa ko kan gado, mai igiya ta gida ita ce.

Haka zarto: faifan Amurka inci 7 da kwata ne ko 6 da rabi, ramin tsakiya inci 5/8. Namu da yawa raminsu milimita 20 ne ko 25.4 ko 30. Ana sa zobe a cike, amma gara ya sayo maka faifai uku ko huɗu, har da mai haƙora 60 na yankan MDF, ba su da nauyi.

Hajiya mai safarar kaya, Abuja:
Ɗana, duk kun yi maganar saye, ba ku yi ta ɗauko ba. Batirin da ba ya jikin inji ba a sa shi a akwatin da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa, sai a jakar hannu, a rufe bakinsa da salatef ko a bar shi a kwalinsa. Akwai lambar Wh a jikin kowanne, wato awon yawan wutar da ya ƙunsa. Wanda bai wuce 100 ba babu matsala, na 5Ah a nan yake. Daga sama da 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, kuma biyu kacal. Manyan nan na 9Ah da 12Ah sun haura, a filin jirgi za a karɓe. Su injinan da faifan zarto da cizal, akasin haka ne, a babban akwati suke tafiya, ba a shiga da su a hannu. Akwati ɗaya kilo 23 ne, ya auna tun a gida, ya cire injinan daga manyan akwatunan robarsu ya naɗe su da tufafi. Rasit kuma ya riƙe a aljihu saboda kwastan.

Kafinta, Na'ibawa, Kano:
Hajiya na gode, yanzu na tura masa saƙonki. Ga abin da na tsayar: injin huda da na ɗaure sukuru marasa burushi, batir 5Ah guda biyu ta hanyar garaɓasar da ɗan'uwanmu na Bronx ya faɗa, zarto mai faifai a matsayin na kyautar, da faifai da cizal. Gobe in sha Allah zan shiga Sabon Gari in ga cajar wane kamfani zan samu ta asali, ita za ta yanke wanda zai saya. Tambaya ɗaya ta rage: cajar Amurkan da za ta zo a cikin kwalin, ya baro ta can?

Mai gyaran injina, Panteka, Kaduna:
A'a, ya taho da ita. Caja ba ta jan wuta kamar zarto, taransifoma mai wat 500 ya ishe ta, sai ta zama ta biyu a shago. Ka ɗaure fuloginta a jikin taransifomar da salatef yadda ba mai iya zarewa, ka rubuta 120 da jan fenti a kanta. Kuma lokacin zafin Afrilu kada ka bar batir a rana ko ƙarƙashin kwano, in ya ɗauki zafi cajar ba za ta fara ba sai ya huce. Ka ajiye shi a inuwa kamar rabin awa kafin ka ɗora.