Me za mu kira "muge" da Hausa?

Jama'ar Damagaram, ina neman taimako a kan kalma ɗaya. Jiya na raka wata innata asibiti, majo ya leƙa bakinta ya ce "muge ne". Ita kuwa "mugu" ta ji, har muka iso Birni tana salati.

Muge a Faransanci sunan wani farin fure ne, likitoci kuma suna cewa kandidoz. Farin abu ne kamar guntayen kindirmo da ke manne wa harshe da ganɗa da cikin kumatu. In an kankare ya fita, wurin ya yi ja, wani lokaci har da jini. Mai haddasa shi, Candida albicans, dama yana zaune a bakin mutane da yawa lafiya lau. Sai garkuwar jiki ta yi rauni yake samun sarari, shi ya sa ya yawaita ga masu ɗauke da ƙwayar sida, musamman in adadin CD4, wato ƙwayoyin jini masu kare jiki, ya sauka ƙasa da 200. In ya gangara maƙogwaro, ko kunu da ƙyar yake wucewa.

Wani ya ba ni "farin baki". Ban karɓa ba. Akwai wani farin dabam da ke fitowa a gefen harshe, mai zane-zane, wanda ƙwayar Epstein-Barr ke kawowa, shi ko an kankara ba ya fita. Suna ɗaya ga cuta biyu, magani zai ruɗe. "Kurajen baki" ma bai yi ba, don ba ƙurji ba ne.

Wanda ya ce "bakin sida" kuwa, Allah ya huci zuciyarka, a'a. Jarirai na yin sa, masu ciwon suga na yin sa, haka wanda ya daɗe yana shan antibiyotik. Mun ga ɓarnar da kiran sida "kabari kusa" ya yi, mutane suka riƙa gudun awon jini.

Ni dai na fi karkata ga "hunhunar baki", ko funfuna a bakin Kanawa. Duk wadda ta taɓa buɗe kwanon tuwon da ya kwana uku ta san hunhuna, kuma dangin abin ne. Da na gwada wa Inna, sai ta ce, "Au, to ai wannan da magani." Akwai kuwa: nistatin ko fulukonazol.

Abu ɗaya ke damuna: kada mai ji ya ɗauka ƙazanta ake jingina masa. Ungozomomi da iyayenmu na Zango, da wane suna kuke kiransa a bakin jariri?